Takardar da ta kashe Baba ita ta ba ƙanena gari

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina son in rubuta wannan abu amma kullum in na ɗauko waya sai in aje, don akwai wurin da ni kaina ban fito fes a cikin labarin ba. Yau dai na ce bari in rubuta shi yadda ya faru, wanda ya ga laifina ya faɗa.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye cikin masarautar Gwandu, nan jihar Kebbi, saura kaɗan in aje aiki. Ban san ubana ba. Ina goye a bayan Inna ya bar gari, bayan farin nan na 1973 da gero bai yi ba dabbobi suka yi ta faɗuwa, da shekara ta kewayo sai ya sai da ɗan abin da ya rage mishi ya ce za shi Makka ta ƙasa. Yaran yanzu in ka faɗa musu haka sai su ɗauka tatsuniya ce, amma haka mutanenmu ke yi tun kaka da kakanni, a bi Kano a bi Maiduguri a fita ta Gamboru, a ratsa Chadi a shiga Sudan, inda guzuri ya ƙare a tsaya a yi ƙwadago a tara a ƙara gaba, har a kai bakin teku a hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Wani shekara uku, wani goma, wani kuma shikenan. Baba ya ce wa Inna shekara biyu. Ba wasiƙa, ba sallahu, ba wanda ya dawo ya ce ya gan shi.

Baffa, wan Baba, shi ya riƙe ni har Inna ta sake aure. Mijinta na biyu Allah ya ji ƙansa bai taɓa nuna min bambanci ba, shi ya sa ni boko, don haka ba zan ce na tashi cikin wahala ba. Amma akwai abin da ke tsaya wa yaro a maƙoshi in ana cewa kowa ya kawo babansa makaranta.

Sai ga shi ana saura 'yan kwanaki a ɗauki azumin 2024, ran kasuwar garinmu, wani yaro ya zo da gudu har aji ya ce Malam ana nemanka gidan Baffa wai baƙi daga Sudan. Na je na iske mutum zaune a zaure, dogo siriri, jallabiyar da ke jikinsa ba ka ce fara ce ba saboda ƙura, matarsa da yara uku suna rakuɓe daga gefe da buhu ɗaya tal. Yana Hausa amma wata iri, rabi Larabci, komai ka ce mishi sai ya ce tamam, har yau yaran gari Tamam suke ce mishi. A tasha ya yi ta faɗin sunan Baba da laƙabinsa da sunan kakanmu, wani tsoho mai sai da goro ya ce a kai shi nan.

Ya ciro hoto daga aljihu cikin leda. Hoto ne baƙi da fari, wani dattijo da rawani irin na Sudan, ni dai ban ga komai ba sai baƙon fuska. Baffa ido ya yi rauni, ya ce a fita da shi haske, ya kai hoton dab da hancinsa ya daɗe. Tsagar Kabawa ce a kumatun mutumin, irin wadda ke fuskar Baffa sak, irin wadda ke tawa. Sai ya ce "wanga ƙanena na," ya sake cewa "wallahi ƙanena na," sai ya zauna nan ƙasa a ƙofar zaure yana kuka, tsoho mai shekara tamanin da wani abu. Baƙon ya ce Baba ya rasu shekarar da Kudancin Sudan ta ɓalle, 2011, a Wad Madani. Can ya zauna yana aikin auduga a gonakin Jazira, can ya auri uwarsa, Bahaushiya daga cikin jikokin mutanen da suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, irin mutanen garin Maiwurno na can Sudan. Shi an haife shi 1985, shekarar da aka tumɓuke Numairi. Yaƙi ya fara a Khartum watan Afrilun 2023, suna ganin ba zai iso su ba, sai a Disamba mayaƙan RSF, masu yaƙi da sojojin gwamnati, suka shiga Madani, shi da iyalinsa suka fita da abin da ke jikinsu, takardunsa duk suna cikin gidan. Yadda ya ratso har Njamena da Kusuri da Gamboru labari ne nasa, shi ya kamata ya ba da. Abin da na lura kawai, hanyar da Baba ya bi ya tafi ita ɗansa ya biyo ya dawo.

To an yi murna, an yi kuka, an ba su ɗaki a gidan Baffa. Bayan sati ɗaya aka fara ganin inda gizo ke saƙa. Mutum ba ya iya sayen layin waya sai da lambar NIN, ba ya buɗe asusun banki, 'yan uwan matarsa da ke Saudiyya suna son turo musu ɗan wani abu sai dai ta asusuna. Kuma ku da kuka san hanyoyin Kebbi kun san shinge, mu da ke maƙwabtaka da Nijar da Benin, ga shi lokacin ba a daɗe da rikicin rufe boda ba bayan juyin mulkin Nijar. Ran da ya fara shiga mota zuwa Birnin Kebbi, a wani shinge aka ce kowa ya faɗi garinsu, yana buɗe baki aka ce ya sauko. Sai da direba ya kira ni na hau mashin na je na yi ta magiya. Da muna dawowa ya ce min, yaya, a can Fallata suke ce mana, wato baƙi 'yan yamma, a nan kuma ɗan Sudan, to ni ɗan ina ne? Ban ba shi amsa ba, iska ma na ta kaɗa mu a kan mashin.

Akwai wani yaro da na koyar a aji huɗu, yanzu lauya ne a Birnin Kebbi, shi na kira. Ya ce Malam ai abin ba shi da wuya a doka, tsarin mulkin 1999 sashe na 25 ya ce duk wanda aka haifa a wajen Najeriya, in dai ɗaya daga cikin iyayensa ɗan Najeriya ne, to shi ma ɗan ƙasa ne tun daga haihuwa, ba roƙo zai yi ba, ba alfarma ba ce. Ya ce aikinku biyu ne kawai, ku nuna mahaifinku ɗan garin nan ne ya zauna a nan, ku kuma nuna wannan ɗansa ne, daga nan takardar shaidar asali ta ƙaramar hukuma, wadda muke ce wa indijin, sai sauran su biyo baya. Na ce to ai da sauƙi.

Ina sauƙi. Ka zauna ka yi tunani, mutumin ƙauye da ya bar gida 1974, me ya bari a rubuce? Bai yi boko ba bare a ce rajistar makaranta. Unguwar zoma ta yanke mishi cibi, ba asibiti ba. Katin ɗan ƙasa da aka yi zamanin Obasanjo a 2003 yana can yana tsinkar auduga. Gona ba ta da takarda, iyakarta bishiyar kanya ce da wata tsohuwar suri, kowa ya sani shikenan. Kai lokacin da ya tafi babu ma jihar Kebbi, sai 1991 aka yi ta, ko jihar Sokoto babu sai 1976, jihar Arewa maso Yamma muke. Abu ɗaya da kowane magidanci ke da shi a zamanin shi ne rasit ɗin haraji, Baffa ya ce mutum ba ya fita gari ba shi a aljihu don dogarai na iya tare ka a kasuwa, to ka ga Baba da nasa ya tafi kenan. Muka je wurin hakimi, nan wajenmu hakimi shi ne na ƙauye, uban ƙasa ke sama da shi, ba kamar Kano ba. Ya ce akwai littattafan haraji na zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta da, da ya gada wurin mahaifinsa, aka jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙuryar ɗaki aka buɗe, wallahi abin tausayi, ambaliyar 2020 da ta cinye mana shinkafa ta shiga ɗakin, abin da ruwa ya bari gara ta ƙarasa. Ka ɗaga shafi ya marmashe a hannunka kamar ƙuli.

Yanzu ga inda na ce ban fito fes ba. Hakimi ya ce ba komai, in kawo dattawa biyu da ni kaina mu yi shaida ya rubuta takarda zuwa ga uban ƙasa. Na ce to. Sai na yi zamana. Azumi ya wuce ban koma ba, kullum ƙanena ya tambaya in ce ana jarabawa, ko hakimi ya yi tafiya. Gaskiyar magana gona ce. Fadamar Baba tun da aka yanke ƙauna da shi aka raba, kaso mai tsoka ya zo hannuna, wani yanki 'ya'yan Baffa ke nomawa, kuma tun da Buhari ya zo Birnin Kebbi a 2015 ya ƙaddamar da shirin nan na bashin manoman shinkafa fadama ta zama zinariya, wurin da da ake ba ka aro kyauta yanzu sai ka ji kuɗin haya ka riƙe baki. 'Ya'yan Baffa suka same ni da dare suka ce kai malam ne ka fi mu sani, ranar da ka sa hannu cewa ɗan Baba ne ranar ka sa hannu a sake rabo, kuma ya ce yana da ƙanne mata biyu a can. Ban ce musu eh ba, ban ce a'a ba. Kuma a raina akwai wani abu da ya fi gona, ina cewa mutumin da ya tafi ya bar ni a goye, ya je ya goyi wasu, yanzu ni ne zan yi ta yawo ina rantsuwa a kansa?

Abin da ya karya ni, lokacin yankan shinkafar rani. Na sauka fadama da hantsi in duba masu aiki, sai na hango jallabiya cikin 'yan ƙwadago, ya naɗe ta zuwa gwiwa, lauje a hannu, yana yanka yana tarawa da sauri irin na wanda ya saba aikin gonar wani. Ɗan Baffa ne ya ɗauke shi aikin yini. A gonar Baba. Dab da kanyar nan. Shi bai ma san gonar wa yake ciki ba, ya ɗago ya gan ni ya washe baki ya ce yaya ƙasar nan tamam, ƙasa mai albarka. Na juya kamar ana kirana. Washegari tun kafin a buɗe makaranta ina ƙofar hakimi da Baffa da tsohon nan mai goro.

Hakimi ya rubuta, uban ƙasa ya buga hatimi, muka nufi sakatariya da hotuna da fom. Jami'in da muka samu ya karanta ya ce shaidar dattawa ta yi, amma tunda a waje aka haife shi, kuma an sha kama baƙi da takardar asali ta saye, shi ba zai kai wa ciyaman ya sa hannu ba sai an haɗa da wata tsohuwar takarda ko wace iri mai sunan uban da sunan garin. Na ji haushi a ranar, har na ɗaga murya, amma in za a bi gaskiya mutumin bai yi laifi ba, mu da kanmu mun san ana sayarwa. Laifinsa ɗaya, sai da muka yi zuwa uku kafin ya faɗa mana haka, da ya faɗa tun farko da mun huta kuɗin mota.

Duk wannan abu da ake Inna ba ta ce uffan ba. Tana gidana tun rasuwar mijinta. Ran da baƙin suka zo gaishe ta daga bayan labule ta amsa, ta aika musu da tuwo da fura, ta ba yaran alawa, amma ba ta yarda ta haɗa ido da shi ba, ni kuma ban matsa ba don na san abin da ta haɗiye. Daren da muka dawo daga zuwa na uku ina tsakar gida ina ba maiɗakina labari, ashe tana ji. Can bayan isha ta kira ni. Na iske ta ta sauko da kwallarta ta aure, wadda duk gidan ba mai taɓawa, ta fidda tsofaffin zannuwa na saƙi ɗaya bayan ɗaya, a can ƙasa akwai leda cikin leda an ɗaure da zare. Ta miƙo min ba ta dube ni ba, ta ce "amshi, in kun gama ka maido mini abina."

Takarda ce ɗaya ta yi ja don tsufa, an naɗe ta huɗu har wurin naɗin ya kusa rabuwa, rubutun ajami da tawada, a ƙasa hatimin kotun alƙali da shekara, 1399 da kuma 1979. Ni ajamina na makarantar allo ne, ina yi ina tsayawa, sai na kai wa ƙanena a zauren Baffa muka kunna fitilar waya. Shi da ya tashi cikin harufan Larabci sai ya kama karantawa a bayyane. Ga sunan Baba, ga sunan kakanmu, ga sunan garinmu, manomi, mazaunin unguwa kaza. Cewa matarsa ta kawo ƙara mijinta ya tafi hajji ta ƙasa ba labari, shaidu biyu sun tabbatar, ɗayansu Baffa ne. Cewa alƙali ya yanka mata shekara huɗu tana jira kamar yadda malamanmu na Malikiyya suka ce a kan wanda ya ɓace, an cika ba a ji ɗuriyarsa ba. Yana zuwa layin ƙarshe sai muryarsa ta tsaya. Na ce ci gaba mana. Ya ce yaya, an ce a ɗauke shi mamaci, ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Muka yi shiru. Baffa ya ce "ni na kai ta kotun da kaina, bisa jaki, kai kana gaba." Shekara arba'in da biyar takardar nan na cikin kwallar Inna ban taɓa sanin da ita ba.

Na yi fotokwafi biyar, na ɗauke ta a waya, na sa asalin cikin littafin rajistar ajina don kar ta karye. Jami'in sakatariya ya sa aka karanta mishi, yana ta gyaɗa kai, sunan uba ga shi, gari ga shi, hatimi ga shi, har ya jawo biro, sai ya tsaya ya duba fom ya sake duba takarda ya fashe da dariya. Ya ce Malam, mutumin da kotu ta ce ya mutu 1979 shi ya haifi wannan a 1985? Wallahi ni ma sai da na dara, ƙanena ne kawai bai yi dariya ba.

Lauyan nan ɗalibina ya ce wannan ƙaramin abu ne, hukuncin alƙali zato ne aka yi don a sauwaƙe wa mace, ba gawa aka gani ba, a je babbar kotu a yi afidabit, wato takardar rantsuwa, a bayyana yadda aka yi. Muka ɗauki shatar mota saboda Baffa ba ya iya hawa mashin, muka kai shi Birnin Kebbi, rabonsa da garin tun ana ce mishi hedikwatar En'e. Aka buga bayani a shagon kwamfuta, cewa wane ɗan wane haifaffen gari kaza ne, ya zauna a nan har shekarar da ya tafi, an yi zaton ya mutu ashe yana raye a Sudan har 2011, kuma wannan ɗansa ne na cikinsa. Baffa ya dangwala yatsa. Aka miƙo min biro, mai rantsarwa ya ce ka san abin da ke ciki gaskiya ne? Na ce na sani. Karo na farko kenan a rayuwata da na rubuta sunan Baba a takarda ba tare da na sa marigayi ina shakka ba.

Daga nan abu ya tafi. Takardar asali ta fito bayan sati biyu, da ita da takardar shekarun haihuwa ya je aka ɗauki hotonsa da yatsu aka ba shi silif ɗin NIN, ya sayi layi da sunansa, abin da ya fara yi shi ne kiran ƙannensa mata da ke Gadarif can Sudan. Yaransa biyu suna makarantarmu yanzu, babbar tana ajina, Hausarta ta fi ta ubanta nesa ba kusa ba, har "mi kac ce" ta iya. Fasfo ne ba mu nema ba tukuna, ya ce ba inda za shi. Maganar gona kuma ba zan yi muku ƙarya ba ba ta ƙare ba, na yanka mishi wani yanki daga nawa ya noma daminar da ta wuce, 'ya'yan Baffa har yanzu gaisuwarmu sama-sama ce, liman ya ce a bari ƙannen su samu fitowa a zauna gaba ɗaya a yi rabo na shari'a.

Ran da na je mayar wa Inna takardarta sai ta ce in kira mata shi. Ya zo ya durƙusa bakin ƙofa, ta ce ya shigo, ta ɗage labulen da kanta. Ta daɗe tana kallonsa, ba fuska ba, ƙafafunsa take kallo. Ta ce "wa yay yi mishi wanka?" Ya ce ni da limamin unguwarmu, Inna. Ta ce "ya bar bashi?" Ya ce a'a. Sai ta ce "to ya isa Makkan?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce bai isa ba. Sau biyu yana tara kuɗin jirgi, na farko ciwo ya cinye, na biyu ya kai har Port Sudan wani dillali ya gudu da su. Ya ce kullum in an yi mishi zancen gida sai ya ce da wane ido zai shiga gari, an raka shi har bakin gulbi ana kiransa Alhaji.

Inna dai ta sauke farali shekarun baya, ta jirgin sama daga filin jirgin Birnin Kebbi, ni da ƙannena na wurin mijinta na biyu muka haɗa mata, awa biyar ko ƙasa da haka tana Saudiyya. Ta yi shiru tana juya carbi, haƙorin Makkanta na ɗan ƙyalli in ta motsa baki. Can ta ce "ashe ni na riga shi." Ta karɓi takardar ta duba ko mun yaga mata, ta mayar cikin leda ta ɗaure da zaren nan, ta jera zannuwan a kai ta rufe kwalla. Maiɗakina daga tsakar gida ta ce Inna to yanzu da aka tabbatar ya za a yi da takaba, Inna ta ce "na yi mishi tun shekarar da Shagari yah hau, ba ni ƙara wata." Sannan ta dubi ƙanena ta ce ya turo mata yarinyar nan babba da safe, gashinta na son kitso.